Gyambon Roi Seng

Yaƙi? Kada ka sake ce mini yaƙi ne ya kashe Roi Seng. Jiya ka iso, ka zauna a coci ka ji fasto yana yabon Tu Lum har ka share hawaye, yau kuma ka zo kana koya mini labarin maƙwabciyata. Dunduniya ɗaya yaƙi ya ci mata. Sauran jikin a cikin gida aka cinye shi. Ajiye kofin nan ka saurara, shayin ba zai gudu ba.

Tsiron gora ta je sara a bayan tudu, farkon damina, ta taka nakiya. Ta sojojin gwamnati ce ko ta yaranmu na daji, har yau ba wanda ya fito ya ce tasa ce. 'Yar ƙarama ce, irin wadda ba ta kashe mutum, sai dai ta bar wa danginsa aiki. Ta ɗauke dunduniyar hagu, ta yage naman sharaɓa.

Tu Lum ne ya goyo ta gida yana kuka, kuma kukan gaskiya ne, wannan kam ban hana shi ba. Gwaggonsa ce, ƙanwar ubansa. Tun da zazzaɓi ya kwashe iyayensa ita ta riƙa tauna shinkafa tana sa masa a baki, ta kori duk wanda ya zo neman aurenta saboda shi. Amoi yake ce mata, wato gwaggo a yarenmu. Ita kuwa har ya haifi 'ya'ya uku ba ta daina kiransa Ma Tu ba, sunansa na yarinta, kamar yana yawo ba wando.

Ɗakin shan maganin ƙauyenmu tun bara jirgi ya mayar da shi toka, nas ɗin ta tsallaka ƙasar Sin. Sai aka daka ganye aka ɗaura mata, aka yi addu'a. Ƙafar ta kumbura, ta fara ruwa, ta fara wari. Da warin ya hana yara cin abinci, Tu Lum ya shimfiɗa tabarma a amalanken taraktarsa, shi da matarsa Doi Ling suka kwantar da ita, suka gangara gari.

Tsakaninmu da gari akwai gada, a bakin gadar akwai shingen sojoji. Gishiri ba ya hawa tudu, fetur ba ya hawa, batir ba ya hawa, magani kuwa ko ƙwaya ɗaya, wai yaran daji ake kai wa. Har gashin mata suke sa a kwance. Akwai wanda aka samu da kwalbar kafso a aljihu, matarsa har yanzu tana ajiye masa kwano.

Sojan da ya tare su ranar yana taunar goron nan nasu mai jan baki. Ya ɗaga bargon da bakin bindiga. Bai gama ɗagawa ba ya ja da baya, ya tofar da jan miyau, ya toshe hanci da hularsa.

"Ku wuce da ita. Ku wuce mana."

Roi Seng ta ji kunya, ta rufe fuska da gefen zane. Doi Ling kuwa sojan ta bi da kallo har suka gama haye gadar.

A asibiti mutane ne kwance har a baranda. Wata nas mai gajeren gashi ta wanke gyambon, ta yanke ruɓaɓɓen nama, ta naɗe da farin bandeji. Ta ce likita mai yanka ba kullum yake nan ba, su dawo da ita mako mai zuwa. Ta ce wataƙila a cire daga ƙasan gwiwa, amma za ta rayu, za ta yi tafiya da sanda. Ta ba su kafso a 'yar leda.

"Safe da yamma, kada a tsallake. A wanke kullum da dafaffen ruwa."

"To, Sarama," in ji Tu Lum, kansa a ƙasa. Haka muke kiran nas don girmamawa.

Kafin su juyo, Doi Ling ta leƙa kasuwa ta sayo ƙullin gishiri, ta cusa ƙarƙashin tabarmar. A shinge sojan nan tun daga nesa ya gane su, ya yi musu hannu su wuce, ko kusa bai matso ba.

Ranar miyar gidan ta ji gishiri, yara suna ta lasar yatsu. Roi Seng na kwance a gefen murhu tana kallonsu, har ta yi dariya.

"Ashe ruɓaɓɓiyar ƙafa ma tana da ranarta."

Ita ta faɗa da bakinta, cikin wasa. Sun riƙe mata maganar nan har ƙarshe.

Mako ya zagayo suka koma. Likita bai zo ba, nas ta sake wankewa. Kafso ya fara aiki, kumburin ya sauka, warin ya ja baya. Wannan karon abin da ke ƙarƙashin tabarma ya wuce gishiri, akwai batir, akwai jarkar fetur a kwance. Wani soja daban suka tarar. Ya ɗaga bargo, ya ga farin bandeji tsaf, bai ji komai a hancinsa ba.

"Ku ɗaga tsohuwar in ga ƙarƙashinta."

Tu Lum ya sauko daga tarakta. Ya sa hannu ƙarƙashin wuyanta kenan, sai ga motar babbansu ta taho daga baya tana hon, aka kore su daga kan hanya da zagi. Haka suka iso gida. Da suka sauke kaya, Roi Seng ta ji Doi Ling a gindin tsanin hawa gida tana ce wa mijinta, ba ta ma rage murya ba:

"Wankin nan ne zai kashe mu."

Washegari Roi Seng ta miƙa hannu a ba ta kafso, Doi Ling ta ce ya ƙare.

"Jiya na ga ledar da sauransa."

"Idonki ne, Amoi. Zazzaɓi yana sa mutum gane-gane."

Ruwan wanki ma ya fara wuya a gidan da rafi ke wucewa ta bayansa. Yau itace ya jiƙe, gobe tukunya na kan wuta da abincin aladu. In tafiya ta matso, ko kusa da ƙafar ba a zuwa.

"Sarama ta ce a bar gyambon ya sha iska," in ji Doi Ling.

Roi Seng tana wurin lokacin da Sarama ta yi magana, kunnenta kuma nakiya ba ta taɓa shi ba. Ta kalli Tu Lum. Shi kuwa ya duƙufa yana gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta.

A tafiya ta uku sojoji suka watse tun kafin tarakta ta tsaya. Da suka shiga gari ta ɗaga kai ta ga farar katangar asibiti, ta ga ƙofar, ta ga ƙofar ta koma bayansu.

"Ma Tu, ka wuce."

"Ba ki ga layin ba, Amoi? Bari mu gama da kasuwa, kafin nan ya ragu."

Suka ajiye ta a bayan kasuwa, gindin wata bishiya kusa da masu kifi, suka bar mata ƙullin shinkafa a ganyen ayaba. Ƙudaje suka bar kifi suka dawo kanta. Da suka dawo da kaya rana ta karkata.

"Yanzu in muka tsaya za a rufe gada. Mako mai zuwa, da asibitin za mu fara."

Mako mai zuwa aka ce likita ya gudu. Na bayansa aka ce sojoji suna shiga asibiti suna kama duk mai raunin nakiya, wai ɗan tawaye ne, kamar akwai wanda zai kalli Roi Seng ya ga ɗan tawaye. Daga baya ma suka daina wahalar da kansu da dalili. Ita ma ta daina tambaya. In an zo wajen farar katangar sai ta rufe ido.

Shimfiɗarta ta yi ta tudu. A hanyar dawowa tana jin kusurwar kwali na sukar haƙarƙarinta, in taya ta faɗa rami tana jin ƙwayoyi suna kaɗawa a cikin kwalabe, daidai ƙarƙashin bayanta. Ta san ƙarar. Kafso ne, irin nata, da bandeji, da ruwan wankin miki. A kansu take kwance tun daga gada har ƙofar gida.

Ƙarƙashin gidan Tu Lum ya zama kanti. Mutane suna zuwa da yamma ɗaya bayan ɗaya, su toshe hanci, su karɓi abin da suka yi saƙo, su ɗaga murya su ce, "Sannu, Amoi, Allah ya ba da sauƙi," su tafi. Ran Lahadi fasto ya ce a dubi Tu Lum, duk mako yana ratsa bakin bindiga don ya kai gwaggonsa asibiti, ina samarin da za su yi koyi. Tu Lum ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Wuyan nan nasa ya iya sunkuyawa.

Wata safiya Roi Seng ta ji muryata a gindin tsani, na zo da dafaffen ruwan ganye a tukunya. Doi Ling ta tsaya a saman tsanin ta cika ƙofa.

"Barci take, Adwi." Haka suke ce mini, wato kaka.

"Barci da wannan nishin? Har gidana nake ji."

"Asibiti na duba ta. Ko kin zama likita ba mu ji ba?"

"Wane asibiti ne yake mayar da mutum da tsutsa a ƙafa?"

"Adwi, yara nawa suka tashi a ƙauyen nan da maganin da muke hawowa da shi? Je ki tambayi iyayensu. Mu ne muke kai wuyanmu gada, ku kuna zaune kuna shan taba."

"To ku ba ta ƙwaya ɗaya daga ciki."

"Na mutane ne. Amana ce."

Ta ja ƙofa. Roi Seng ta ji na ajiye tukunyar a kan tsani, daga baya ta ji an juye ta a kwamin aladu.

Baƙin da ƙafar ta yi ya haura har gwiwa. Tana jin motsi a cikin naman, wani abu na ci a hankali ba ya gaggawa. Yara aka mayar da su ɗakin baya, aka hana su zuwa kusa. Kwanonta aka ware. Da rana in kowa ya tafi gona sai ta yi ta kallon rufin ciyawa tana lissafin abin da ya rage mata: hannu biyu, ƙafa ɗaya, da bakin da ba ta san wa za ta buɗe wa ba.

Ran wata kasuwa, da suka ajiye ta gindin bishiya suka shige, ta kama ƙarfen amalanke ta zamo ƙasa. Faɗuwar ta ɗauke mata numfashi. Da numfashin ya dawo ta fara jan jiki da gwiwar hannu cikin taɓo da ruwan kifi. Mutane suna tsallake ta. Wani mai keken haya, ɗan ƙabilar Bama ne, ko yarenmu ba ya ji, ya tsaya ya kalle ta, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya ɗauke ta cak ya sa a kujerar gefe. Bai tambaye ta ina ba. Ko makaho ya san inda mai wannan ƙafar za ta.

Nas mai gajeren gashi ta gane ta. Ta kwance tsumman ta duba.

"Uwata, ina kika shiga?"

"Hanya ce ba kyau, Sarama."

"Hanya." Nas ta kalle ta. "Kin yi sa'a likita yana nan. Gobe da safe za a cire, amma yanzu sai daga cinya. In aka ƙara kwanaki, ba abin da zai rage a cire."

Aka wanke ta tun daga kai, aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allura. Gado aka ba ta, da farin zanen gado. Ciwon da ya zauna mata kamar kare a kan ƙirji ya tashi ya koma bakin ƙofa. Ta yi barci.

Da ta farka Tu Lum na durƙushe a gefen gadon, gumi ya jiƙa masa riga. Doi Ling na tsaye daga ƙafa, hannu a ƙugu.

"Amoi, kin kashe ni," ya ce a hankali, bakinsa dab da kunnenta. "An riga an ɗora kaya. Fetur ne, da magani, da batir. In na je gada ba ke, za su sauke komai. In na kwana da su a gari, masu sintiri za su same ni. Ko ta ina harbi ne."

"Ka zubar a kogi."

"Da rana tsaka? Idon mutane fa? Kuma kayan jama'a ne, da wace fuska zan shiga ƙauye?" Ya kama hannunta mai allura. "Yau kaɗai. Ki raka ni in haye. Gobe kafin zakara ya sauko ina nan da ke, na rantse da kabarin babana."

Nas ta iso ta ji ƙarshen maganar.

"Ba inda za ta. In ta fita ƙofar nan, ba za ta sake shigowa da ranta ba."

"Sarama, ke za ki riƙe mana yara uku in an harbe ubansu?" in ji Doi Ling. "Tsohuwarmu ce. Mu muka san yadda muke da ita."

"Na ga yadda kuke da ita. Ni na kwance tsumman."

Roi Seng ba ta jin su sosai. Tsakiyar kan Tu Lum take kallo, inda gashi ya fara zubewa. Nan ta riƙa cire masa ƙwarƙwata yana barci a cinyarta. Ta tuna matar nan mai ajiye kwano. Ta shafa zanen gadon da tafin hannu, sumul yake, da ɗan sanyi.

"Cire mini allurar, 'yata."

"Uwata, kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Aladu na bari ba abinci."

Nas ta ƙi. Roi Seng ta sa haƙori ta ɓanɓare filastar da kanta.

A bakin asibiti, bayan amalanke, Doi Ling ta kwance farin bandejin ta ninke ta sa a jaka, ta mayar da tsohon tsumman da ta tsinto a kwandon shara. A gada sojan mai jan baki ne. Ya tsaya daga nesa yana dariya.

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba?"

Kalma ɗaya ta ishe ta. Da ta ce masa duba ƙarƙashina, da shi kenan. Ta ji yadda injin tarakta ke rawa, ta ga bayan wuyan Tu Lum.

"Ina dai ƙoƙari," ta ce.

Sojan ya kwashe da dariya ya ɗaga musu sanda.

Washegari zakara ya sauko, ya yi kiwo, ya sake hawa. Tarakta wai ta lalace. Ta warke ran kasuwa daidai. Daga ranar can ƙarshen kasuwa suke ajiye ta, nesa da hanyar masu keke, kuma Doi Ling tana ɗaure ta da zane a jikin ƙarfe ta ƙugu.

"Don kada ki sake faɗowa, Amoi. Kin ba mu tsoro rannan."

Zazzaɓi ya zauna. Ta daina cin shinkafa, sai ruwanta. Ta fara hira da yayanta da ya mutu, tana ce masa yaron ya girma, yana da tarakta. Ran tafiyar ƙarshe mata suka taru a gindin tsani suka ce a bar ta, ba za ta kai ba, a bari ta cika a ɗakinta. Tu Lum ya fito da ita a hannu kamar damin kara, idonsa jawur.

"So kuke in zauna in zuba mata ido? Asibiti zan kai ta, ko zan mutu a hanya."

Matan suka matsa, wasu har da hawaye.

A gangaren farko ta nemi ruwa, aka ce ta bari a kai rafi. Ba ta kai rafin ba. Doi Ling ce ta lura hannun ya daina riƙe ƙarfe. Ta taɓa kafaɗar mijinta, ya tsayar da tarakta, ya zo ya tsaya a kanta ya yi kuka mai yawa. Da ya gama ya share fuska ya kama sitiyari zai juya.

"Ina za ka?" in ji Doi Ling. "Mun riga mun fito."

Ta ja bargon ta rufe ta zuwa haɓa, ta gyara mata kai kamar mai barci. Haka suka haye gada.

Kafintan da ya sayar musu da akwatin gawa ɗan ƙanwata ne, shi ya ce mini da suka iso jikin ya riga ya sandare. Ya nuna musu daidai ita, ƙarami. Tu Lum ya nuna mafi girma a rumfar, mai zurfi, wanda aka yi wa wani ƙaton ɗan kasuwa danginsa ba su zo ɗauka ba. Ya ce gwaggonsa ta sha matsi a duniya, ba za ta sha a kabari ba. Suka tafi da shi bayan kasuwa, suka daɗe. A gada kuwa ba sojan da ke son buɗe akwatin gawa, balle gawar da suka san warinta tun tana da rai.

Sauran kai ma ka ji a coci. Bai bar ta a hannun baƙi ba, ya dawo da ita ƙasar iyayenta, ya yanka alade biyu, kowa ya ci nama da gishiri har ya bar saura.

Yanzu kana ce mini ko ba komai ya girmama gawarta, wai a duk tudun nan ba a taɓa ganin akwati irin nata ba. Gaskiyarka, ba a taɓa ba. Ni aka kira na wanke ta, bayan Doi Ling ta rufe ƙofa ita da akwatin, ta daɗe, sannan ta buɗe. Da hannu ɗaya na juya ta, ko kaza mai ƙwai ta fi ta nauyi. Maza takwas ne suka sauke akwatin nan daga tarakta, suna nishi, ɗaya har ƙugunsa ya riƙe. Washegari mutum huɗu suka kai shi kabari suna waƙa, ko sauya kafaɗa ba su yi ba. Tunda kai ka yi makaranta, faɗa mini wa ya fita daga ciki.